Kek Mai Tsinke: Alƙaluman da Ke Gyara Lulluɓinsa ko Su Ɓata Shi

A shekarar 2008 wata Ba'amurkiya daga jihar Jojiya mai suna Angie Dudley, wadda aka fi sani da Bakerella, ta yi fice da wani ɗan kayan maƙulashe. Ana marmashe gasasshen kek, a kwaɓa shi da kirim, a mulmula shi ƙwallo-ƙwallo, a soka wa kowanne tsinke, sannan a tsoma shi cikin narkakkiyar alawa mai launi. A wannan shekarar ta bayyana a shirin talabijin na Martha Stewart, a 2010 ta fitar da littafi a kansa, a 2011 kuma kamfanin Starbucks ya fara sayar da shi a shagunansa. Daga nan ya bazu har ya iso teburin bikin suna da na zagayowar ranar haihuwa a Kano da Kaduna da Abuja.

Masu yin sa a gida kuwa kukansu kusan ɗaya ne a ko'ina. Alawar ta yi kauri ta ƙi zuba. Ta dunƙule. Ta tsage bayan ta daskare. Ƙwallon ya suɓuce daga tsinke ya faɗa cikin kofi. Ya yi gumi launinsa ya dame. Da yawa sukan ɗora laifin a kan hannunsu, su ce ba su iya ba. Abin takaici ne a ga mai himma ta yar da sana'a saboda haka, domin kowace matsala daga cikin waɗannan tana da lambarta, kuma ana iya auna ta. Ga alƙaluman da abin da kowanne yake nufi. Duk zafin da za a ambata a ma'aunin Salshiyos yake.

Giram 100 cikin 340: abin da ke narkewa

Alawar lulluɓi, irin Candy Melts ta kamfanin Wilton da takwarorinta, takan zo a leda mai nauyin oza 12, wato giram 340. Idan aka duba bayan ledar za a ga sukari ne a gaba, yana cin tsakanin rabi da kashi biyu cikin uku na nauyinta. Mai ke biye da shi da kusan kashi 30 cikin 100. Ragowar garin madara ne da launi da ƙamshi, sai ɗan lesitin da ake samu daga waken suya, wanda bai kan wuce rabin kashi ɗaya cikin 100 ba.

Ma'anar wannan ita ce, a cikin ledar nan mai bai wuce kusan giram 100 ba, sauran giram 240 ɗin gari ne busasshe. Sukari ba ya narkewa da zafin da ake aiki da shi a nan, don sai ya kai wajen digiri 186 yake fara zama ruwa. Man ne kaɗai ke narkewa, garin kuma yana yawo a cikinsa. An niƙa garin har ƙwayarsa ta gaza maikiron 30, ƙanƙantar da harshe ba ya iya rarrabewa, shi ya sa ake jin santsi. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe mabuɗin sauran alƙaluman: giram 100 na mai ne ke ɗauke da giram 240 na gari, kuma duk abin da ya hana man nan zagaya garin zai sa alawar ta yi kauri.

Man kansa ba baƙo ba ne a wurinmu. Alayyadi ne, man ƙwarar kwakwar manja, amma an tace shi an cire masa launi da wari. A yadda yake, yana narkewa tun bai kai digiri 30 ba. Masana'antu sukan ware ɓangarensa mai tauri, ko su ƙara masa tauri ta hanyar sarrafawa, har narkewarsa ta koma tsakanin digiri 33 da 40, gwargwadon kamfani da kuma ƙasar da za a kai kayan.

Siffa 6 da siffa 1: dalilin da aka fi son ta a kan cakulan

Cakulan na gaske da man koko ake yin sa. Man koko yana iya daskarewa a siffa shida daban-daban, kamar yadda masana biyu, Wille da Lutton, suka jera su a 1966. Ta farko tana narkewa a wajen digiri 17, ta biyar a wajen 34, ta shida a wajen 36. Ta biyar kaɗai ce ke ba da sheƙi da ƙarar nan ta ƙas idan an karya, kuma tana narkewa a baki sarai domin zafin jikin mutum 37 ne.

Samun siffa ta biyar sai an hori cakulan ɗin. Baƙin cakulan ana narka shi zuwa digiri 45 ko 50, a saukar da shi zuwa 27 ko 28, a sake ɗaga shi zuwa 31 ko 32, a kuma riƙe shi a nan har a gama aiki. Fari kuwa a 28 ko 29 ake tsayar da shi. Kuskuren digiri biyu ya isa ya ɓata aikin, a wayi gari da lulluɓi mai laushi da fari-fari a jikinsa. A kicin ɗin da zafinsa ya kai 33, saukar da cakulan zuwa 27 ma sai da ƙanƙara ko na'urar sanyaya ɗaki.

Alayyadin da aka sarrafa ba shi da wannan rigima. Yana daskarewa kai tsaye a siffa ɗaya tabbatacciya. A narka, a tsoma, a bari ya huce, shi ke nan. Sauƙin yana da farashi a ɗanɗano: irin da narkewarta ta haura 37 ba ta gama narkewa a baki, sai ta bar ɗan maiƙo a ganɗa. Amma wannan taurin ne kuma ke sa ta fi cakulan jure ɗumin hannu da na hanya.

Kashi 5 cikin 100: iyakar haɗi

Wasu sukan ce bari su haɗa alawar da cakulan na gaske rabi da rabi don su samu sauƙin wannan da daɗin wancan. Lissafi bai yarda ba. Kusan rabin alayyadi wani sinadari ne da ake kira lorik, kuma mai irin wannan ba ya jituwa da man koko. Abin da yake iya ɗauka na man koko bai wuce kusan kashi 5 cikin 100 na jimillar man ba. Da an zarce haka sai haɗin ya yi laushi, ya daɗe bai daskare ba, bayan 'yan kwanaki ko makonni kuma furfura ta fito masa. Shi ya sa alawar lulluɓi mai launin cakulan ake yin ta da garin koko da aka matse wa mai, wanda man da ya rage a cikinsa kashi 10 zuwa 12 ne kawai. Idan aka zuba giram 15 na irin wannan gari a giram 100 na alawa, man kokon da ya shiga bai kai giram 2 ba, ga shi kuma cikin man alayyadi giram 30. Ka ga an tsaya daidai bakin iyaka.

Lambar 5 tana sake fitowa a doka. Tun shekarar 2000 Tarayyar Turai ta yarda a saka wani man tsiro a cakulan har zuwa kashi 5 cikin 100 kuma ya ci gaba da amsa sunan cakulan, amma mai shida kaɗai ta lissafa. Man kaɗanya yana cikinsu, haka ma manja, domin ɓangarensu mai tauri yana jituwa da man koko. Alayyadi ba ya ciki. Wannan na cikin dalilan da suka sa masana'antun Turai ke sayen ƙwarar kaɗanya daga Afirka ta Yamma. A Amurka kuma farin cakulan sai ya ƙunshi man koko aƙalla kashi 20, madara aƙalla kashi 14, sukari kuma kada ya wuce kashi 55. Farar alawar lulluɓi ba ta da man koko ko kaɗan, don haka ba a rubuta mata sunan cakulan a leda.

Digiri 40 zuwa 45 na narkawa, 35 zuwa 40 na tsomawa

Tunda man yana gama narkewa a wajen digiri 40, babu amfanin wuce 45. Daga wajen 50 garin madarar da ke ciki yake fara cuɗewa, alawar ta yi kauri, fara kuma ta soma ja-ja. A nan ne ake yawan yin kuskure: a ga ta yi kauri a zaci zafi ne bai isa ba, a ƙara wuta, kaurin ya ƙaru.

Mai karanta bayanin da ya fito daga Amurka ta lura cewa ma'auninsu na Faranhait ne. Digiri 100 a wurinsu 38 ne a namu, 110 kuma 43, 120 kuwa 49. Wadda ta ga 100 ta ɗauka tafasasshen ruwa ake nufi ta ƙona leda guda.

A na'urar maikurowef, umarnin Wilton shi ne minti ɗaya a rabin ƙarfi, a juya, sannan a riƙa ƙara daƙiƙa 30 ana juyawa kowane lokaci. Juyawar ba ta wasa ba ce. Na'urar ba ta ɗumama abu bai ɗaya, wani gefe yakan ƙone alhali wani bai ko yi laushi ba. Ga kuma yaudarar ido: ƙwayoyin alawar sukan tsaya da siffarsu, zagaye, suna sheƙi kamar ba abin da ya taɓa su, sai an sa cokali a ga sun rushe sun zama ruwa. Idan kashi uku cikin huɗu ya narke a daina ɗumamawa, zafin da ke cikin kwanon zai ƙarasa sauran.

Wadda ba ta da na'ura ko wutar lantarki ba ta rasa komai ba. A ɗumama ruwa zuwa digiri 50 ko 60, a sauke tukunyar daga wuta, a ɗora kwano busasshe a kai ana juyawa. Kada ruwan ya tafasa, domin tururin da ke tashi ruwa ne, kuma a kan alawar zai sauka. Ruwan ɗumi na cikin fulas yana da amfani wajen riƙe zafi: a tsayar da kofin alawa cikin wani kwano mai ruwan digiri 45, ruwan ya tsaya ƙasa da bakin kofin sosai.

Alamar ta yi daidai ita ce a ɗaga cokali a ga tana zuba zara-zara ba yankewa, layin da ta zana a sama kuma ya lume cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Kashi 3 cikin 100: ƙaramin cokali biyu na ruwa

Danshin da ke cikin irin wannan kaya daga masana'anta bai kan wuce kashi ɗaya cikin 100 ba. Masanin cakulan na Birtaniya, Stephen Beckett, ya bayyana cewa ruwa kashi 3 zuwa 4 cikin 100 ya isa ya mai da narkakken cakulan dunƙulallen ƙullu. Kashi 3 na giram 340 giram 10 ne, wato ƙaramin cokali biyu. Tun kafin a kai nan kaurin yake somawa: a ƙiyasinsa, duk ƙarin ruwa na kashi 0.3 sai an biya shi da ƙarin mai kashi ɗaya kafin laushin ya dawo yadda yake.

Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa tsoma jiƙaƙƙen cokali a gwangwanin sukari. Ruwa yana narka bayan ƙwayar sukari, ƙwayoyin su manne da juna, man ya kasa ratsa tsakaninsu. Ruwan nan yana shigowa ta ƙofa huɗu: kwanon da bai bushe ba, cokalin katako da ya sha ruwa, tururi, da kalar abinci. Yawancin kalar da ake sa wa kek da ruwa aka haɗa ta. Alawar lulluɓi kalar da aka haɗa da mai take buƙata, ko kuma a sayi mai launin da ake so tun daga leda. Haka zancen ƙamshi yake.

Danshi yana da wata illar ta ɓoye. Idan ya haɗu da man lorik tsawon lokaci, tare da sinadarin da ke farfasa mai wanda ƙwayoyin cuta da wasu kayan ƙamshi ke ɗauke da shi, sai alawar ta fara ɗanɗanon sabulu. Ba mamaki, domin da alayyadi ake yin sabulu. Leda ta tsaya a rufe, a wuri busasshe.

Giram 5 zuwa 15: yadda ake sassauta kauri

Idan an narka daidai amma kaurin bai sauka ba, musamman tsohuwar leda, mai ake ƙarawa. A fara da ƙaramin cokali ɗaya, kusan giram 5, a ledar giram 340, a juya a duba. Da wuya a buƙaci fiye da babban cokali ɗaya, wajen giram 14 ko 15, wanda ya ƙara man da ke ciki da kusan kashi ɗaya cikin bakwai. Mafi dacewa shi ne ɓarɓashin alayyadi mai lesitin da ake sayarwa don wannan aiki, sai farin daskararren man gashi wanda ba ruwa a cikinsa. Man kwakwa ma yana yi, amma a digiri 24 yake narkewa, don haka idan ya yi yawa lulluɓin ba zai yi tauri a ƙasa mai zafi ba. Man gyaɗa ya fi shi wannan illa, tunda ba ya daskarewa a ɗaki.

Bota da majarin kuwa a bar su. Kusan kashi 16 cikin 100 na nauyinsu ruwa ne. Babban cokali ɗaya, giram 14, yana kawo mai giram 11 da ruwa fiye da giram 2. Bisa lissafin da ya gabata, ruwan nan kaɗai yana cinye fiye da giram 7 na man. Kashi biyu cikin uku na abin da aka zuba ya tafi biyan bashin ruwan da ya zo da shi. Madarar ruwa ta fi haka muni.

Santimita 3.8: girman ƙwallo

Ma'aunin Dudley shi ne kek ɗaya na tire mai faɗin santimita 23 da tsawon 33, kirim kusan giram 340, a fitar da ƙwallo 48, kowanne faɗinsa inci ɗaya da rabi, wato santimita 3.8. Kirim giram 7 ke nan a kowane ƙwallo. Girman ƙwallon kusan babban cokali biyu ne, nauyinsa wajen giram 30. Kek ɗin gida da aka yi da mai yakan fi laushi, don haka kirim ɗin da yake buƙata bai kai haka ba. A riƙa zubawa kaɗan-kaɗan har ƙullun ya riƙe kansa idan an matsa.

Ƙarin girma yana da tsada fiye da yadda ido ke gani. Idan faɗin ya tashi daga 3.8 zuwa 4.5, nauyin ya ƙaru da kashi biyu cikin uku. Idan ya kai santimita 5, ya ninka fiye da sau biyu. Tsinken takarda kuwa yana nan a kaurinsa na kusan milimita 4. Ƙwallon da ke faɗawa kofi yawanci ko ya yi girma ne ko kirim ya yi masa yawa. A tsoma kan tsinken kusan santimita ɗaya a alawa, a soka shi zuwa tsakiyar ƙwallon kada ya wuce, a bari ya kama kafin a tsoma duka.

Giram 28 da giram 10: wadda ake saya da wadda ke hawa

Ma'aunin Dudley ya ce a tanadi alawa laba uku, giram 1,360, domin ƙwallo 48. Kowanne ya tashi a giram 28. Amma nawa ke hawa jikinsa? Fatar ƙwallo mai faɗin santimita 3.8 tana da faɗin murabba'in santimita 45. Idan kaurin lulluɓin milimita ɗaya ne, giram 6 ya hau. Idan ɗaya da rabi ne, kusan giram 10. Idan biyu ne, giram 13. Bambancin milimita ɗaya da biyu a ƙwallo 48 shi ne giram 336, leda guda cur. Wadda take tsomawa a alawa mai kauri tana asarar leda a kowane tire, ga nauyin da ke janye ƙwallon daga tsinke.

Ragowar giram 18 ɗin zurfi ake saya da su. Ƙwallon yana buƙatar ya nutse gaba ɗaya a tsomawa guda, don haka alawar ta kai zurfin santimita 5 aƙalla. A kofi mai faɗin santimita 7, wannan zurfi yana cin giram 250. A mazubi mai faɗin santimita 14, zurfin nan dai yana cin kilo guda, domin ninka faɗi sau biyu yana ninka ciki sau huɗu. Da siririn kofi mai zurfi, ana ƙara alawa a hankali, ƙwallo 48 suna buƙatar giram 480 a jikinsu da 250 a kofi, jimilla 730. Leda biyu da ɗoriya ke nan maimakon huɗu. Abin da ya rage ana zuba shi a takarda ya daskare a sake narkawa wata rana, muddin ɓurɓushin kek bai faɗa ciki ba.

Wajen tsomawa, a shiga a miƙe a fito a miƙe, ba juyawa a cikin kofi. A karkata tsinken, a riƙa bubbuga wuyan hannun da ke riƙe da shi da ɗaya hannun, ana murza shi a hankali har ɗigon ya tsaya.

Tazarar digiri 34 da ta 56: asalin tsagewa

Firji yana wajen digiri 4, firiza kuma 18 ƙasa da sifili. Idan alawa tana 38, tazarar da ke tsakaninta da ƙwallon da ya fito daga firji digiri 34 ce, wanda ya daskare a firiza kuma 56. Alawar tana kamawa nan take tana tsukewa, kek ɗin da ke ciki kuma yana ɗumama yana buɗewa. Bayan ɗan lokaci sai a ga siririn layi ya taso daga gindin tsinke ya gangara gefe, wani lokaci har mai ya tsattsafo ta wurin.

Maganin shi ne a rage tazarar. Minti 15 a firiza ya isa, abin da ake nema ƙwallon ya yi tauri, kada ya zama ƙanƙara. Wanda ya kwana a firji a fito da shi ya sha iska na 'yan mintoci, a kuma bar alawar ta sauko wajen 35 ko 36. A riƙa fito da biyar-biyar, kada sauran su saki kafin a zo kansu.

Digiri 26 da digiri 1: damina da hunturu

Gumin da ke fitowa a jikin lulluɓi raɓa ce daga iska. Idan ɗaki yana digiri 30 kuma danshin iska ya kai kashi 80, kamar a watan Agusta, duk abin da sanyinsa ya gaza digiri 26 zai tara raɓa. Idan ɗakin yana 30 amma danshin kashi 15 ne, kamar a hunturu, sai abu ya sauka wajen digiri 1 kafin raɓa ta kama shi. Kek ɗin da ya fito daga firji a Janairu ya tsira, irinsa a Agusta sai ya jiƙe. Raɓar tana narka sukarin saman, idan ta bushe ta bar fari-fari mai kaushi. Dabarar damina ita ce a sa su a roba mai murfi kafin su shiga firji, idan an fito da su kada a buɗe sai robar ta daidaita da ɗaki, raɓar ta sauka a kan murfi.

Bazara tata matsalar daban. Ajiyar da ta dace da alawar nan digiri 15 zuwa 21 ce. A watan Afrilu zafin rana a Kano yakan kai 38 ko 39, a Sakkwato da Yamai ya haura 40, cikin motar da aka rufe a rana kuma ya wuce 50. Duk waɗannan sun kai ko sun wuce inda man ke narkewa. Mai karɓar aiki a wannan lokaci ta tsoma da asuba, ta kai kaya a kula mai ƙanƙarar da aka naɗe da tawul, ta kuma gaya wa mai biki kada a jera su a rumfa sai dab da rabo.

Dala 2,500 zuwa 12,000: farashin koko

A 2022 tan ɗaya na koko yana wajen dala 2,500 a kasuwar duniya. A Maris na 2024 ya haura 10,000, a Disamba na shekarar ya wuce 12,000, kafin daga baya ya sauko. Rashin kyan yanayi da cututtukan itacen koko a Kwaddebuwa da Ghana, waɗanda ke noma fiye da rabin kokon duniya, su ne manyan dalilai. Alayyadin masana'antu kuwa mafi yawansa daga Indonesiya da Malesiya yake fitowa, kuma farashinsa bai kusanci na man koko ba. Wannan ya sa alawar lulluɓi ta fi cakulan araha nesa ba kusa ba. Babu aibu a amfani da ita, amma mai saye yana da haƙƙin sanin abin da ya biya. Idan alawa ce a ce alawa ce, idan cakulan ne a ce cakulan ne, a kuma sa wa kowanne kuɗinsa.

Giram 17 na sukari a tsinke ɗaya

Lulluɓin giram 10 yana ɗauke da sukari wajen giram 6 da mai giram 3. Fiye da kashi 80 cikin 100 na alayyadi kitse ne mai daskarewa, man koko kuma kusan 60. Idan aka haɗa da kek da kirim giram 30, tsinke ɗaya zai kai sukari wajen giram 17 da kalori 160 zuwa 170. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu a yini, kusan giram 50 ga babba, kuma ya fi kyau a tsaya a 25. Na yaro bai kai haka ba. Tsinke ɗaya a biki ya wadatar da shi, kuma siririn lulluɓi ya fi masa.

Kayan aiki uku

Duk alƙaluman nan da abu uku ake kama su: ma'aunin zafi na kicin, ƙaramin sikeli mai auna giram, da siririn kofi mai zurfi. Sau ɗaya ake sayensu, asarar leda kuwa kowane mako tana iya maimaituwa. Kowane kamfani da nasa haɗin, don haka duk sabuwar leda a auna zafin da ta fi zuba da kyau, da yawan man da ta buƙata, da nauyin tsinke kafin tsomawa da bayanta, a rubuta a littafi tare da watan da aka yi aikin. Daga wannan littafi uwargida za ta san leda nawa za ta saya idan aka ce mata ana son tsinke ɗari, nawa za ta caji, da kuma ranar da ya kamata ta ce wa mai biki a kawo kula.